Ɗakin Gabas

A tashar Tsafe da ke Gusau na hango shi, siriri, furfura ta riga shekarunsa. Ya zana kangon gida a kwali, yana koya wa direbobi wasan labari. Shi ke ba da labarin, su kuma su jefa ƙwayar ludo, su shiga neman abin da ke kuka a gidan.

Zanen ya cika daidai: ga rijiya, ga rumbu, har turken akuya. Ina jin gidansu ne, da 'yan bindiga suka tashe su.

"Malam, na buɗe ɗakin gabas," in ji wani direba.

Sai ya dafe wurin da tafinsa.

"Bar wannan. Inna tana barci."