Ranar da Anti ta are ni

Ni fa ba kiran waya ne ya fitar da ni ba. Saƙonnin nan na "ku fito mu ceci kududdufinmu" sun yi ta shigowa ina gogewa. Na san gaskiya suke faɗa, don tun da aka fara cike kududdufin bayan layinmu ana yanka shaguna, ruwan sama ya rasa hanya sai ta ɗakin Umma. Amma wa zai amsa gayyar wanda bai san ƙofar gidansu ba?

Sai ga Anti. 'Yar maƙwabtanmu ce a Zaitawa, ita ke riƙe hannuna zuwa Islamiyya ina ƙarama, yanzu tana aiki da wata ƙungiya. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Umma, ta ce, "Umma, aron ƙanwata na zo. Tsayuwa kawai za mu yi, mata zalla."

A unguwarmu, duk wanda ya ari 'ya a hannun uwarta, ko gidan suna za a je, shi zai dawo da ita har tsakar gida. Shi ya sa Umma ba ta tambayi komai ba. "Allah ya tsare," shi ke nan.

A bakin kududdufin Anti ta danƙa min kwali, ta tura ni gaba. "Ke kin yi boko, ki tsaya inda za a gan ki." Ta ɗauke mu bidiyo a waya, sannan ta ce bari ta taho da 'yan jarida. Ta haye adaidaita.

Ba 'yan jarida ne suka zo ba. 'Yan daba ne, da gorori da wuƙaƙe. Har yanzu ban manta ƙarar gorar nan a bayan matar da ke kusa da ni ba. Na yar da kwalin, na ruga ba takalmi, hijabina ya maƙale a langalanga ya yage. Wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta fizgo ni cikin soronta ta danno ƙofa. Ita ta rako ni gida bayan la'asar.

Anti kuwa sai da aka kwana biyu ta leƙo, da fara'arta. "Jarumarmu! Kin ga yadda bidiyonki ke yawo?"

Na ce, "Anti, ki cire shi. Fuskata ce a ciki, kuma sun san ni."

"Haba ƙanwata, in kowa ya ɓuya wa zai yi gwagwarmayar?"

"Ke a ina kika ɓuya?"

Umma ta daka min tsawa, wai ba a yi wa babba haka. Amma da Anti ta miƙe, Umma ba ta raka ta ko bakin ƙofa ba.

Wallahi da cewa ta yi akwai haɗari, ƙila da na je duk da haka, don ni nake kwashe ruwan nan da bokiti. Abin da ke ci min rai, ta san ba zan bi baƙo ba, sai ta zo da fuskar da na sani.

Bidiyon yana nan, ba ta cire ba. Jiya Umma ta aike ni sayen gawayi, ina isa bakin layi na ga ɗaya daga cikin 'yan daban nan zaune a bencin mai shayi. Ya dube ni ya yi murmushi.

"Malama mai kwali, ina wuni? Ya Umma?"

Na juyo gida ba gawayin.