Azarar da Na Jingina a Danga

A zamanin Turawa ina aure a wani ƙauye kusa da Janfalan, ba ni da abin kaina sai kaji. Maigida yana da gonar rakensa, ni kuwa kajin nan su ne zanena, su ne gishirin miyata. Ko ranar da ake tara ƙwai don Baturen da ya zo rangadi, cikin tukunyar dusa nake binne nawa.

Danga ɗaya ce ta raba mu da wata tsohuwa, yayar mai unguwa, wadda kowa ke kira Gwaggo. Ciwon ƙafa ya kama ta, wani malami ya ce ta riƙa yin sadakar nono da tuwo kowace safiya ga kyanwoyin da ba su da gida. Ni ban ƙi sadaka ba. Abin da na ƙi shi ne inda ake ajiye kaskon. Gwaggo tana da tantabaru cikin tukwane a kan wata doguwar rumfa da ke jikin dangar, ta naɗe dirkokin da ƙaya, ba ta yarda kyanwa ta ko leƙa tsakar gidanta. Sai ta sa ake zagayowa da kaskon ta lungu, a dire shi taku biyar daga akurkina.

Kyanwoyin kasuwa suka ji labari, suka taru. Rabin ludayin nono ba ya ƙosar da kyanwa tara, saboda haka sai su cike da 'yan tsakina. Jar kazata ta ƙyanƙyashe goma sha biyu, kafin sati biyu saura uku. Da idona na ga wata baƙa mai guntun kunne ta wuce ni da tsako a baki, tana tafiya a hankali kamar an aike ta.

Na je na durƙusa na gaida Gwaggo, na tambayi ƙafa, sannan na ce, "Gwaggo, don Allah a matsar da kaskon nan. Tsakina sun ƙare."

Ta ce, "'Yar nan, ke da Allah za ki yi rigima? Kyanwa ma baiwarsa ce."

"Tsakon fa, Gwaggo? Na wane ne shi?"

"Kifa musu kwando mana. Sakarcinki ne ya cinye su." Ta juya ta ci gaba da jan carbinta.

A wurinmu ba a kashe kyanwa. An ce wanda ya kashe ta, hannunsa ba zai daina rawa ba har ya mutu, ni kuwa ina kaɗin auduga, ba zan yi wasa da hannuna ba. Maigida ya sa baƙar nan a buhu ranar kasuwa ya kai ta nesa ya yar. Kwana shida na tarar da ita gindin kaskon tana lasar ƙafa.

Na zuba ido na jira. Aka yi wa Gwaggo jika a Kudan, aka ɗora ta a jaki ta tafi suna, kwana huɗu. Ranar da ta tafi na jawo wata tsohuwar azara, na jingina ta daga cikin gidana, kanta ya hau dangar ya kwanta a leɓen rumfar tantabaru, can sama da ƙayar. Na jiƙa kan busasshen kifi, na shafe azarar da ruwan tun daga ƙasa har inda hannuna ya kai. Na ɗauki kujera da mazarina na zauna.

Kafin hantsi ya dubi ludayi baƙar ta hau. Sauran suka bi ta. Ina jin fuka-fuki suna bugun tukwane, ina murza zarena, bai tsinke ko sau ɗaya ba. 'Yan shila suka ƙare a kwana biyu. Manyan suka tashi suka yi ta kewaya sama, daga nan ba su sake sauka ba. Kowa kuwa ya san abin da ake faɗa a kan gidan da tantabaru suka guje wa: wai arzikinsa ne ya tashi.

Da Gwaggo ta dawo, ta dogara sanda ta shigo mini ba sallama.

"Ke, wa ya sa wannan itacen?"

Na ce, "Ni ce, Gwaggo. Shanya nake yi a kai. Da kin kifa musu kwando."

Mai unguwa ya kira maigida, ya ce in je in ba yayarsa haƙuri. Na je, na durƙusa har ƙasa, na faɗi duk abin da aka ce in faɗa. Amma azarar tana nan inda take. Gwaggo ta aika aka samo mata sababbin tantabaru daga Makarfi, ta duba ta ga kan azarar bai motsa ba, ta rufe su a ɗaki kwana uku. Rana ta huɗu da safe na ga an wuce da kaskon can gindin tsamiyar mahauta, inda kyanwa za ta ci ta ƙoshi da gaske. Sai da na bi na gani da idona, sannan na dawo na janye azarar.

Kwancin da jar kazata ta yi bayan wannan, goma ta ƙyanƙyashe. Shaho ya ɗauki ɗaya, tara na raina har suka yi cara da ƙwai.