Daraktan da Ya Hana Tafi

A gidan talabijin ɗin ba mai tuna sunansa na gaskiya. Yanke ake ce masa, don kalmar da ya fi iyawa ke nan in za a tsai da ɗaukar hoto. Da naɗe wayoyi a bayan masu kyamara ya fara, yana rusuna wa manya har gwiwarsa ta yi kanta. Ranar da daraktan shirin kiɗa da nishaɗi ya yi ritaya, aka waiwaya ba kowa a kusa sai shi. Haka ya haye kujerar ɗakin gilashi, inda ake zaɓar hoton da zai fita. Kunnensa kuwa, Allah na tuba, bai san bambancin ganga da faɗuwar kwano ba.

Abin da ya fi tsana a duniya 'yan kallo ne. Su tafa inda bai so ba, su yi tari a tsakiyar waƙa. Sai ya samo dabara. Ya cika zauren ɗaukar shiri da jama'a, har da matarsa da tsohon cikinta a layin gaba, ya sa suka yi ta tafi har hannuwansu suka yi ja, ya naɗe a kaset. Tun daga nan, kafin a kunna kyamara sai ya fito yana tura ƙirji:

"Kar wanda ya tafa min! Tafi nawa ne, ni zan sa shi."

Wanda ya manta, mai gadi ya raka shi waje. Shekaru suka yi ta wucewa. Mawaƙi gwani da mai muryar tsohuwar ƙofa, tafinsu ɗaya, fuskokin masu tafin ma ɗaya. Rabinsu sun riga mu gidan gaskiya, amma Yanke bai bar su sun huta ba.

"Baban yara, ka sauke ni haka," in ji matarsa. "Cikin nan da kake nuna wa duniya yau gemu gare shi, har ya fara sanƙo."

"Ke ba ki san aiki ba."

Sai aka kawo sabuwar shugaba, sa'ar 'yarsa. Ta kira shi ofis.

"Baba, za ka haɗa shiri na musamman, kai tsaye za a watsa. In ya yi kyau, kujerarka na nan. In bai yi ba, akwai masu jira. Kaset ɗin nan kuma kar in gan shi."

"Ranki ya daɗe, ina aikin nan kina rarrafe."

"Abin da ke ba ni tsoro ke nan."

Don kar a samu kuskure, shi da kansa ya zaɓi 'yan kallo: amintattunsa, waɗanda ba a taɓa kora ba ko sau ɗaya. Wayo ke nan wai.

Ranar shirin, wata mawaƙiya ta rera waƙar da ko dutse sai ya motsa. Ta gama, ta rusuna, ta jira. Tsit. Zaure cike, kowa hannunsa a gwiwa kamar masu jiran likita.

"Ce su tafa!" Yanke ya daka wa mai kula da zaure tsawa ta makirufo.

Mutumin ya yi ta ɗaga hannu yana roƙo. Wani dattijo a layin gaba ya juya ya raɗa wa na baya: "Gwada mu yake yi. Kar ku yarda."

Wata baƙuwa da ta saɗaɗo ciki ba a sani ba ta tausaya wa mawaƙiyar, ta tafa. Mai gadi, da aikinsa ya bi masa jiki, ya je ya fitar da ita, kyamara na binsu har ƙofa.

Gumi ya jiƙe wa Yanke riga. Ya laluba aljihu, ya zaro kaset ɗin da aka hana, ya cusa, ya danna. Sai ga matattu suna tafi, ga uwargida da cikinta tana washe baki. Ko da ya juya, shugabar na tsaye a bakin ƙofa.

"Tashi, Baba," abin da ta ce ke nan.

Ya koma gida rana ba ta faɗi ba, abin da bai saba ba. Matar na zaune gaban talabijin, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Sannu da aiki, darakta. Na ga kaina. Ashe har yanzu ban haihu ba?"

Ya zube a kujera.

Ta ɗaga hannuwa biyu, ta tsaya da su a sama.

"In tafa maka ne, ko kai za ka sa?"