Murfin Fankar Injin Markaɗe

Jiya a Sabon Gari na ga murafun fankar inji rataye a ƙofar wani shago, sai tsohuwar da ke mana markaɗe a Samaru ta faɗo mini a rai.

Injinta ba shi da murfi, fankar kuwa ta taɓa cinye mata yatsu biyu. Duk sanda aka aike ni da wake, sai ta tare ni tun daga nesa, ta tattara hijabina, ta ƙulle mini a baya da ragowar yatsunta masu warin fetur da attaruhu.

"'Yata, nawa yatsun sun ishe shi," in ji ta.

Har na miƙa hannu zan ɗauko mata murfi ɗaya, kafin na tuna bara aka binne ta. Allah Ya sanyaya makwancinta.