Limancin da Malam Haladu Ya Ƙi

Duk Zandam an san Malam Haladu ba ya karɓar girma sai an roƙe shi sau uku. Tun da ya dawo daga karatu a Birnin Kudu, shekarar da aka samu 'yancin kai, haka yake. A shimfiɗa masa buzu, ya ce ƙasa ta ishe shi. A ce ya yi addu'a a wurin suna, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni wa? Ina ni ina gaban malamai?" Sai an ja hannun rigarsa, sannan ya miƙe yana jan ƙafa, ya zuba addu'ar da sai tuwo ya huce. Mutane suna cewa tawali'u ne. Wane irin tawali'u, mutum yana ƙirga roƙo a zuci?

Abin da ransa ke so kuwa shi ne limancin masallacin unguwarsu. Shekara goma sha biyu yana haɗiyar yawu. Da tsohon liman ya rasu, shekarar da motoci suka canja hannu a titi, daga hagu zuwa dama, dattawa suka zo zaurensa bayan la'asar. Babbansu, Bappa Iliyasu, ya ce, "Malam, mun zo ka shige mana gaba."

Daɗi ya kama Haladu, amma ya ɓata fuska. "Haba Baba, ni? Ai ko Sabo mai faci ya fi ni cancanta."

Sabon nan facin keke yake yi a bakin kasuwa. Ya sauke Alƙur'ani, ya yi littattafai, bai taɓa damun kowa da zancen ba. Bappa ya dubi 'yan'uwansa, ya ce, "Wallahi Malam ya faɗi gaskiya." Suka sa takalmansu. Haladu ya saki baki yana jiran roƙo na biyu, har suka sha kwana.

Da suka je wa Sabo, sai ya goge hannu da tsumma ya ce, "To, Baba. In na yi kuskure ku gyara mini." Ranar ya ja magariba.

Shi kuwa Haladu, don duniya ta ga haƙurinsa, ya bar sahun gaba ya koma na ƙarshe, can wajen takalma, yana jiran ranar da kunya za ta kama wani ya jawo shi. Shekara tara ya yi a wurin har ya rasu. Da duk karatunsa, ya manta mai salla ba ya waiwaye.