An Tafa wa Nazifi, An Rufe Shafinsa

Shekara bakwai ke nan da muka raka ƙanena Nazifi makwancinsa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru, domin ni ba marubuciya ba ce, malamar makaranta ce. Bana shirun ya gagara.

Da sikila aka haifi Nazifi. Wanda bai taɓa jinyar mai wannan ciwo ba, bai san yadda kalmar jini take kaɗa hanjin mutum ba. Likita zai ce ana bukatar ƙari, sai ka ga gida ya watse, kowa da waya a kunne, ana bin 'yan uwa da abokai da direban maƙwabta. Mu da muke Nassarawa GRA, da mota da sanin mutane, haka muke galabaita. Wata rana Nazifi yana kwance yana kallon wata mata da ta zo daga ƙauye da ɗanta a gadon kusa da shi, ba ta san kowa a Kano ba. Abin ya tsaya masa a rai.

Da ya gama karatun kwamfuta, sai ya tare a ɗakin bayan gidanmu shi da abokinsa Kamalu, suka haɗa wani shafi a yanar gizo. Mai son ba da jini ya sa sunansa da rukunin jininsa da unguwarsu. Mai nema ya shiga, shafin ya haɗa shi da na kusa. Ba a biyan ko kwabo. Nakan tsokane shi in ce, kowa yana neman abin da zai ci da iliminsa, kai kana neman wanda za a tsotse. Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, wannan ba na ci ba ne, guzuri ne."

A wancan lokacin taron masu fasahar yanar gizo na garin nan bai wuce cikin wani zauren aro ba, da fanka mai ƙara da kujerun roba. Mai ɗaukar nauyin taron wani Alhaji ne mai shagon wayoyi, abin da ya kawo ruwan leda ne da lemo. Nan Nazifi ya fara nuna shafinsa, idanunsa jawur saboda bai daɗe da tashi daga ciwo ba. Samari suka yi layi suna sa sunayensu kafin a tashi.

Da ya rasu, abin da ya riƙe mahaifiyarmu, Umma, shi ne maganar da wani malami ya yi mata a zaman makoki. Ya ce abin da yaron nan ya bari sadaka ce mai gudana, duk wanda ya sami jini ta wannan hanya, ladan yana iske shi a kabari. Umma ba ta san yadda ake buɗe shafi ba, ba ta kuma nemi sani ba. Ta dai riƙe cewa kullum akwai abin da yake isa ga ɗanta. Da wannan ta koma cin abinci, da shi take kwana take tashi har shekara bakwai.

Watan jiya Kamalu ya aiko mana da katin gayyata. Taron masu fasahar nan ya girma, yanzu a wani babban otal ake yi, nan bayan layinmu, kuma an ce za a karrama marigayi. Umma ta ce ƙafarta ba za ta iya ba, in je in wakilce ta.

Tun daga ƙofa alluna ne na masu ɗaukar nauyi, an jera su daraja-daraja, na zinariya a sama da manyan haruffa, na azurfa a ƙasa. Sababbin ƙananan kamfanoni kuwa kowanne an ba shi ɗan teburi a gefe, yara sun sha riguna iri ɗaya suna yi wa duk mai babbar riga murmushi. Sun ba ni tausayi. Kowa ya hau dandamali, ba mu yake kallo ba, layin gaba yake kallo, inda masu zuba jari suke zaune suna danna waya.

Kamalu ya hau, ya yi ƙiba, turancinsa ya goge. Sai ga hoton Nazifi ya cika allo, tambarin wani mai ɗaukar nauyi a kusurwarsa. Ya ba da labarin ɗakin bayan gidanmu, da ciwon, da gadon asibiti. Da ya kai aya, zauren ya miƙe aka ɗauki tafi. Tafi fa, ga mamaci, a cikin birnin Kano. Na tsaya ina jiran wani ya ce a yi masa fatiha, sai na ji an wuce zuwa bayanin abin da kamfanin da Kamalu ya gina a kan shafin yake yi yanzu: haɗa masu hali da likitocin asibitocin kuɗi, da kai magani har gida. Ban ji an ambaci jini ba.

Na tare shi a wajen shan shayi. Ya rusuna ya gaishe ni, ya tambayi jikin Umma. Na ce masa ina shafin jini?

Ya sosa ƙeya. "Wallahi Yaya, mun dakatar da shi tun bara. Masu ɗaukar nauyinmu sun ce ba ya kawo komai, kuma in wani abu ya faru da mai karɓar jini, sunansu ne zai ɓaci."

Na ce, "Amma hotonsa bai ɓata musu suna ba?"

Ya ce labarin kafuwar kamfani ne, suna son jin sa.

Ba zan zalunci Kamalu ba. Ya yi jinyar Nazifi kamar ɗan uwa, ya riƙe shafin shekaru bayan rasuwarsa, kuma yau akwai matasa da suke cin abinci a ƙarƙashinsa. Amma na ji haushi, har yanzu ina ji. Gidanmu da otal ɗin tafiyar ƙafa ce. Ya san hanyar aiko da kati, bai san hanyar zuwa ya ce ga abin da aka yanke ba, ko a cikin dangi akwai mai iya karɓa ya ci gaba.

Ina ta tunanin abin da Nazifi zai ce da ya ga taron nan. Na san zai yi murna da yawan yaran, shi mai son taro ne. Zai bi teburan nan ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Amma tambayarsa ɗaya ce tun da can: matar da ba ta san kowa a gari ba, yaya za ta yi amfani da wannan? Ban ga teburin da aka shirya wa wannan tambaya ba. Kowa ya haddace amsar da layin gaba yake so.

Me ya rage na ƙanena? Akwai mutanen da suke yawo a Gawuna da Tudun Wada da jinin da shafinsa ya samo musu, ba su san shi ba, wannan kuwa babu mai ɗaukar nauyin da zai iya dakatarwa. Da shi na yi niyyar lallashin Umma.

Na same ta a falo tana jirana. Ban yi mata ƙarya ba, na faɗa mata duka. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni tun yaushe, na ce tun bara. Sai ta ce, "Ashe shekara guda yarona yana kwance babu abin da yake zuwar masa, ni ina nan ina murna." Na kawo maganar waɗanda suka rayu, na ce Allah ba ya tozarta niyya. Ta ce ta sani. Ta ce in nemo mata mai haƙa rijiya.

Satin da ya wuce aka fara haƙar a Tudun Murtala. Duk da ciwon ƙafa sai da ta je. Ta kira shugaban ma'aikatan gefe, ban ji ta tambayi zurfi ko ranar gamawa ba. Cewa ta yi, "Malam, ka gaya mini gaskiya. Wannan in an gama, akwai wanda zai iya zuwa ya rufe ta?"