Filasta a Ƙafar Ɗan Fari

Ko da tsufa zai zo ya share abin da ke kaina kaf, na san akwai wasu kwanaki goma sha tara da zai bar mini, don ko na so in manta da su ba za su yarda ba.

A lokacin ina aikin sa-kai a wani shiri da ake yi a garinmu Illela, na miƙar da ƙafafun yaran da aka haifa da ƙafa a murɗe, tafin yana kallon ciki. Likita zai ɗan juya ƙafar da hannu, ya naɗa mata filasta tun daga yatsu har cinya, bayan kwana bakwai a cire, a sake juyawa, a sake naɗawa, har ƙafa ta miƙe. Nawa aikin shi ne yi wa iyaye bayani da bin sawun wanda bai dawo ba. A wajen horo an ce mana uwa ake yi wa bayani, ni kuwa na haddace wannan kamar karatun allo. Ga ni da baki, ga gaggawa, a gidanmu ma tsokanata ake yi wai ban iya jiran ruwa ya tafasa ba.

Wata Litinin, gab da faɗuwar damina, wasu Fulani daga wata ruga a bayan Amarawa suka kawo yaron da bai daɗe da cika shekara ba. Kakarsa ta wajen uba ce ta goyo shi, uwar tana biye da ƙwarya a ka. Da aka gama naɗin, na ce tsohuwar ta jira a waje don ɗakin ya cika, na zaunar da uwar.

"Ki riƙa duba yatsunshi kullum," na ce mata. "In kin ga sun kumbura ko sun yi baƙi, kar ki jira kowa, ki jiƙa filastar ga ruwa ki warware ta. Ran Litinin ki maido shi. Kin ji mi nic ce?"

Fuskarta na kallon taga. Yaron yana ta tsala kuka a kan benci, ko sau ɗaya ba ta dube shi ba. "To," ta ce. Na maimaita, ta sake cewa to. Raina ya ɓaci, har na juya na ce wa abokiyar aikina, a gabanta, wasu dai haihuwar kawai suka iya. Har yau in na tuna wannan magana sai kunya ta lulluɓe ni.

Litinin ta zo, ba su zo ba. Likita ya duba katinsu ya ce, "Malama, yaro na girma, filasta ba ta girma. In ta matse jini ta daɗe, yatsu za su mutu, ƙafar ma ana iya rasa ta." Tun daga wannan lokacin zama ya gagare ni. In na ɗora tukunya sai ta ƙone, in na tayar da salla sai in rasa raka'a nawa na yi. Duk Bafulatanar da ta wuce ƙofar gida sai na leƙa bayanta.

Ran Laraba na hau kabu-kabu zuwa rugar. Ba kowa, sai kashin shanu da duwatsun murhu. Wani manomi da ke aiki a gefe ya dafa sungumi ya ce, "Ai ruwa ya sauka, malama. Mu na shibka, su na tashi. Sun yi arewa tun wancan mako." A garin nan aka haife ni, na san kowace shekara haka makiyaya ke yi, amma bai taɓa zuwar mini in tambaye su inda za su kasance mako mai zuwa ba. Katin da na cike ya tambayi sunan gari, na rubuta, na ɗauka na gama aiki.

Na bi burtali har wajen Gidan Katta, na dawo ta Darna Sabon Gari, duk rugar da na shiga ba su ba ne. Ran Lahadi, ranar kasuwar Illela, na shiga layin masu nono ina bi ƙwarya ƙwarya ina kwatance. Wata dattijuwa ta gane su. Ta ce sun ƙetare iyaka, suna wani wuri a arewacin Ƙonni. Sannan ta tambaye ni wa na yi wa bayanin maganin.

"Uwar mana," na ce.

Ta dafe ƙirji. "Ɗan fari na fa, ɗiyata! Ita da ko sunanshi ba ta faɗi, ta ƙaƙa za ta buɗe baki gaban uwar miji ta ce ƙafar ɗana? Tsohuwar da kika fidda waje, ita ad da yaro."

Kunyar ɗan fari ba baƙuwa ba ce a wurina, mu ma Hausawa muna yi, sai dai a gari ta yi sauƙi. Wato na ɗora saƙon a kan wadda ba ta da bakin isar da shi, wadda ke da iko da yaron kuwa ba ta ji ko kalma ɗaya ba. In ƙafar nan ta lalace, ni ce.

Sau biyu ina ƙetarawa Ƙonni ina dawowa hannu rabbana. A na uku, ran Asabar, kwana goma sha tara da naɗin, wani mai sayar da dusa ya kwatanta mana wani tafki, ni da ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ni. Tun daga nesa na hango tsohuwar, na diro kafin mashin ya gama tsayawa.

Ita ta riga ni magana. "Likita, ki yi haƙuri, wagga yarinya ta ɓata muku aiki. Sakarci! Kwana uku a jere, in nit tafi tallan nono, sai ta ɗauki yaro zuwa wankin ƙore, ta aje shi cikin ruwa kamar ba ta gani, har abin ya narke ya zube. Aradu na yi faɗa har na gaji."

Na fizgi yaron. Ƙafar ta koma a murɗe yadda take, akwai wani gyambo a saman tafin da ya fara bushewa. Amma yatsun biyar suna nan da ɗuminsu. Na danna farce, ya yi fari, jini ya dawo. Na zauna daɓas a ƙasa.

"Inna, kamin ta zube, yaya yatsun suke?"

"Sun yi suntum, har sun soma baƙi. Nic ce magani na ka aiki."

Na ɗaga kai na dubi uwar. Tana zaune ta ba mu baya tana kankare ƙwarya, ƙwaryar da tuni ta fita tas. Ashe duk abin da na faɗa ranar nan ya shiga kunnenta. Ba ta iya cewa ɗanta na ciwo ba, sai ta zaɓi a kira ta sakarya. Na buɗe baki zan wanke ta a gaban tsohuwar, sai ta ɗan waigo ta girgiza mini kai kaɗan. A rayuwata ban taɓa haɗiye magana mai nauyin wannan ba. Na ce, "Ba komai, Inna, Allah ya tsare." Daga nan na fara wa tsohuwar bayani tun daga farko, a hankali, ta kuwa yi ta jefo tambayoyi.

Su biyun suka dawo Illela suka zauna wajen dangi, aka sake aikin daga tushe, filasta bayan filasta, sannan takalmin ƙarfe. Ranar da yaron ya taka tafin ƙafarsa a simintin asibiti ya yi taku huɗu ya faɗa jikin kakarsa, muka yi ta guɗa. Uwar tana bakin ƙofa. Ta juya fuskarta ga bango, kafaɗunta na rawa.

Tun daga nan, in aka kawo yaro mai wata lalura, ba na fara bayani sai na san wa ke da bakin magana a kansa a gidansu, da kuma inda damina za ta kai su. Na kuma daina auna son uwa da abin da idona ya gani. Wadda na zaga a gaban mutane ita ta ceci ƙafar da gaggawata ta kusa cinyewa, kuma har yau surukarta sakarya take ce mata.